Giwan Ruwa Mai Kofato

Tun da Dalhatu ya dawo daga ci-rani a Yawuri, mutanen Birchi ba su sake jin wani labari ba sai na ruwa. Rani ɗaya tak ya yi can yana ɗaukar wa wani Baturen kamfani kaya, amma in ka ji shi a dandali sai ka rantse a tsakiyar kogi aka yanke masa cibiya. Ya dawo da hular hana-salla, da usur rataye a wuya, da wata tafiya ta tale ƙafafu wadda ya ce duk matuƙan jirgi haka suke yi. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, shi kuwa a ganinsa Turawa da za su tafi a hannunsa suka bar ilimin kamun kifi.

"Ku fa ba ku iya su ba," in ji shi. "Sai ku jira tafki shi ƙafe, ku faɗa cikin taɓo kuna lalube. Bature kuwa zaune yake cikin jirgi, inji na tafiya sannu-sannu, ƙugiyoyi na biye a baya, kowace da ɗan ƙarfe mai walƙiya kamar cokali. Kifi shi ga abu na gudu yana ƙyalli, shi ɗauka ƙaramin kifi ne, shi kai cafka. Haka suke kama wani kifi mai jan nama can ƙasarsu. Ni da idona na ga an jawo giwan ruwa ya fi Ilu tsawo."

Ilu taubashinsa ne, gajere, bakinsa kuwa ba ya raga wa kowa. Ya ce, "Kowa ma ya fi ni tsawo. Kai dai faɗa mana, sau nawa ka shiga jirgin?"

"Ba a ƙidayawa."

"Wanda kuka tafi tare ya ce mani sau ɗaya ne, kwalfar ruwa aka sa ka, kuma a kwance aka fiddo ka kana amai."

"Hassada ce. Ƙasan jirgin nike dubawa."

Da abin ya tsaya ga surutun dandali, da ba wanda ya damu. Sai ga shi matarsa Kulu ta sauka, haihuwar fari, a gidan iyayenta inda ta tafi goyon ciki. Iyayen nata Fulani ne da suka daɗe da zama a bayan gari, Yero da matarsa Gogo. Yero mutum ne mai sanyi, Gogo kuwa ba a yi mata wargi. Ranar ƙauri ta matso, ranar da miji zai kai ƙafafun shanu a dafa wa mai jego da kayan yaji, a raba wa dangi. Da yake suruka ba ta magana da suruki ido da ido, sai Gogo ta aiko ta bakin Ilu.

"Ta ce in gaya maka dangi za su zo daga Barkiya da Kurfi. In azahar ta yi ba ƙauri a tukunya, ka kunyata ta, to Kulu ba ta komawa ɗakinta ranar arba'in. Sai ta yaye ɗiyarta, yadda kakanninsu ke yi."

Dalhatu duk cika bakinsa yana son Kulu ƙwarai, kuma tun da ta tafi gidan ya yi masa faɗi, tuwon maƙwabta ya gundure shi, ba wanda ke sauraron labarin Yawuri ba tare da ya katse shi ba. Shekara biyu ba Kulu, ai ba zai kai labari ba. Mai hankali da ya ji wannan saƙo sai ya ja akuyar da ya tanada ya kai wa Hudu mahauci, a yi musaya da ƙafafun sa, a huta. Dalhatu ya ja akuyar, amma bai tsaya ko'ina ba sai Makera, wurin maƙeri.

Ya dawo da ƙugiyoyi manya-manya, kowace ta isa rataye ɗan maraƙi.

"Ƙafar sa kowa na kaiwa," ya ce wa Ilu. "Ni ƙaurin giwan ruwa zan yi. Sai an yi shekaru ana labarinsa daga nan har Dutsin-Ma."

"A wane kogin?"

"Tafkinmu mana."

"Tafkin da nike tsallakawa ruwa iya ƙirjina? Ba kowa a ciki sai tarwaɗa da kwaɗi."

"Manyan na can ƙasa. Ba su taɓa ganin kayan aikin da ya dace da girmansu ba, shi ya sa ba su fitowa."

Sauran kayan kuwa a cikin gari ya tattaro su. Cokulan ƙarfe na jeren Kulu ya kwashe, ya huda su da ƙusa, ya goge da toka har suna ɗaukar ido, ya ɗaura kowane a saman ƙugiya. Ya samo gora biyu dogaye da igiyar rama. Ya kwance ƙararrawar wani tsohon keke ya ɗaure a bakin gora, wai in kifi ya ci ta yi ƙara. Ya ari ɗan dutsen niƙan Rekiya matar Ilu, ya ce shi ne abin tsayar da jirgi. Jirgin kansa kuwa komin shayar da shanun Yero ne, wani dogon icce da aka fafe, wanda ke yashe a bakin rijiya tun da damina ta cika tafki. Har takarkarin Yero ya aro, ya ce itacen wankan jego zai ɗauko, Yero ya yi ta sa masa albarka.

Ranar ƙauri da hantsi ya bi ta mahauta da takarkari yana jan komi. Ranar kasuwa ce, Hudu ya yanka sa, ya ɗaure ƙafafun huɗu wuri guda ya ajiye a kan ganye a gefen hanya.

"Angon ƙarni!" in ji Hudu. "Ga ƙafafunka na aje maka. Ina akuyar?"

"Ka ba masu ƙaramar zuciya," in ji Dalhatu. "Ka dai wasa babbar wuƙarka, an jima zan kira ka fiɗar kifi."

Maganar nan ita ta kwashe rabin kasuwa zuwa bakin tafki. Masu tallar fura suka bi, masu wanki suka bar wankinsu, har wani malami da ke shirin tafiya Kurfi ya ajiye butarsa da tabarmarsa ya zauna. Dalhatu ya tuɓe riga ya rage daga shi sai gajeren wando da hula da usur. Ya ɗaura gorunan duma kewaye da ƙugunsa, ya ce Bature ba ya shiga ruwa sai da rigar hana nutsewa. Aka tura komi cikin ruwa, ya taka ya shiga, ya zauna. Komin matsattse ne, gorunan suka cije a gefe da gefe, sai da ya danna da ƙarfi sannan ya kai ƙasa.

"Kun gani?" in ji shi. "Kamar don ni aka sassaƙa shi."

Filafilin tuƙa jirgi bai samu ba, sai muciyar tuwo. Ya tsoma ta dama, komi ya juya hagu. Ya tsoma ta hagu, komi ya ci gaba da juyawa hagun dai. Nan da nan jirgi ya kama kewaya wuri ɗaya, mutane su ga fuskar Dalhatu, su ga ƙeyarsa, su sake ganin fuskarsa. Igiyoyin da ya saki a baya suka naɗe juna, suka naɗe gora, ɗaya ta naɗe masa wuya.

"Sannu da tuƙi!" wata tsohuwa ta ƙwala masa. "In ya yi kauri ka kwashe!"

"Gwajin iska nike yi," in ji Dalhatu, jiri na ɗibarsa. "Yanzu zan tsayar da shi."

Ya ɗaga dutsen niƙa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya jefa. Dutse ya yi tsulum ya nutse. Jama'a suka tsaya suna kallon igiyar da ke kwance a cinyarsa, wadda ya manta bai ɗaura wa dutsen ba.

"Dutsena!" Rekiya ta ɗora hannu a ka. "Dutsen da uwata ta ba ni! Maigida, kana tsaye kana kallo?"

"To in yi mi?" in ji Ilu. "Wataƙila manyan da ke ƙasa za su niƙa gero su aiko mana."

Da ƙyar aka miƙa wa Dalhatu doguwar sanda aka jawo shi gefe. Rana ta ɗaga, ko ɗan ƙwaro bai kama ba, amma ko gezau bai yi ba. Ya warware igiyoyi, ya gyara hula.

"Na gano matsalar. Inji ne babu. Ilu, kawo takarkarin can."

"Takarkarin surukinka?"

"Shi ne injin. Ka ɗaura masa igiya a ƙirji, ɗaya bakin a hancin jirgi, ka ja shi kuna kewaya gaɓa sannu-sannu. In na busa usur sau ɗaya, tafi. Sau biyu, tsaya."

Ilu ya so ya ƙi, amma son ganin ƙarshen abin ya fi ƙarfinsa. Aka ɗaure, aka busa, takarkari ya fara takawa. Wani ikon Allah, abin ya yi. Komi ya miƙe sak yana tsaga ruwa, gora biyu a buɗe kamar hannuwa, cokulan Kulu na walƙiya a baya. Dariya ta tsaya. Wasu har suka fara cewa wa ya sani, ko yaron nan da gaskiyarsa. Dalhatu ya harɗe hannuwa a ƙirji yana duban sama, daɗi kamar ya kashe shi.

Sai ƙararrawa ta yi ƙara.

"Ya ci! Ya ci!" Ya busa sau biyu, ya kama igiya yana ja, jijiyoyin wuya duk sun tashi. "Ku matsa baya, wutsiyarsa na karya ƙafa!" Abin ya taso sannu a hankali, baƙi, mai faɗi, ruwa na zuba daga bakinsa. Tsohon tulu ne mai fasasshen gindi.

"Nawa ne," in ji tsohuwar nan. "Bara ya suɓuce mani. Allah shi yi maka albarka, ɗan nan, ka duba ko murfin na nan."

Aka sake tafiya, ƙararrawa ta sake ƙara, ya jawo takalmin fata ƙafa ɗaya. Na uku ƙaton kwaɗo ne, wanda ma ba ƙugiya ce ta kama shi ba, hawa cokali ya yi ya zauna. Inuwa ta fara tsukewa ƙarƙashin itatuwa. Ilu ya dubi rana, ya daina dariya.

"Dalhatu, azahar ta kusa. Fito mu je mu roƙi Hudu, ko rigarka ce ka ba shi. Kulu fa ake magana."

Maganar ta soki Dalhatu, don har ya buɗe baki zai ce to. Sai ya ga idanun jama'a a kansa.

"Saura dabara ɗaya. Manyan na can tsakiya, sai an jefa masu. Haka Bature ke yi, ku buɗe ido."

Ya kama igiya mafi tsawo, ya shiga wulwula ta a saman kansa, cokali na kuka a iska, mutane na sunkuyawa. Ya wulwula, ya wulwula, ya saki. Ƙugiya ba ta nufi tsakiyar tafki ba. Gaba ta yi, ta tsallake hancin komi, ta sauka daram a gindin wutsiyar takarkari.

Dabbar nan da shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganin ta yi ko sassarfa, ta yi wani irin kuka, ta watsar da Ilu cikin taɓo, ta fizge ƙugiyar, ta haye gaɓa a guje. Takarkari kuwa in ya firgita ba ya neman ko'ina sai turkensa. Turkensa na gidan Yero, hanyar gidan Yero kuma ta tsakiyar kasuwa ta bi.

Komi ya fito daga ruwa kamar an harbo shi, ya zame a kan taɓo, ya hau yashi, bai rage gudu ba. Dalhatu ya yunƙura zai yi tsalle, goruna suka ce ba inda za ka. Ya busa usur sau biyu. Ya busa sau biyu kuma. Takarkari ya ƙara wuta.

"Tsaya! Na ce tsaya! Jama'a, ku tare injin!"

Ba wanda ya tare, kowa ta kansa yake yi. Ƙugiyoyi kuwa na biye a baya suna tsalle-tsalle, kuma sai yanzu suka fara aikinsu. Ta farko ta ɗauke butar malamin nan ta hannu. Ta biyu ta yi awon gaba da zanen da aka shanya. A bakin kasuwa aka ratsa ta kan shanyar barkono, komi ya niƙe shi, ƙura ja ta tashi, Dalhatu da masu binsa duk suka ɓarke da atishawa. Gora ɗaya ta daki rumfar mai tukwane ta karye. Ƙararrawa kuwa ba ta fasa ƙara ba, kamar tana cewa a ba da hanya.

Hudu na tsaye yana kaɗa ƙuda ya ga abin tafe. Ya yi tsalle ya haye kututturen sara nama. Takarkari ya wuce, komi ya wuce, Dalhatu ya wuce yana atishawa, sannan babbar ƙugiya ta zo ta saƙale igiyar da ta ɗaure ƙafafun sa, ta fizge su gaba ɗaya.

"Ɓarawo!" in ji Hudu. Ya diro da wuƙa a hannu ya bi sahu, malami na bayansa yana kiran butarsa, mai zane na bayan malami, Rekiya na bayan kowa tana ambaton dutsenta.

A gidan Yero kuwa mata sun cika tsakar gida, na Barkiya da na Kurfi, kowace da ƙwaryarta. An ɗora babbar tukunya, ruwa na tafasa da kayan yaji, ba ko tsoka a ciki. Gogo na tsaye da ludayi, fuskar nan a murtuke, tana duban rana tana duban ƙofa. Ba ta ƙofa abin ya shigo ba. Zanan danga ne ya dare biyu, takarkari ya faɗo ciki, mata suka watse da ihu, ya je turkensa ya tsaya cak yana huci. Komi ya zame ya yi rabin kewaya, ya tsaya daidai gaban murhu, dab da ƙafafun Gogo.

Tun da Dalhatu ya auri Kulu bai taɓa yarda sun haɗa ido da surukarsa ba. In ya hango ta a hanya sai ya ratse cikin gona, in ta kama dole ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Yau ga shi zaune a gabanta ba riga, taɓo har gira, barkono a gashi, hula ta juya baya. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa, komi ya riƙe shi. Ya miƙa hannu zai tuɓe takalmi, hannun bai kai ba. Da ya rasa abin yi sai ya cire hula ya rufe fuska da ita.

"Barka... barka da... atsha!"

Gogo ta ja gyale ta kare fuskarta, ta juya gefe. Daidai nan Ilu ya shigo yana ɗingishi, taɓo na ɗiga, jama'a na biye.

"Ilu," in ji Gogo, "tambayi yaron nan, itacen wankan ke nan ya kawo cikin komin shanunmu?"

"Ta ce itacen ke nan?"

"Ka ce mata... ka ce mata ƙauri na kawo," in ji Dalhatu daga cikin hula, alhali shi kansa bai san abin da ke bayansa ba.

Gogo ta bi igiyoyin da kallo. Ta wuce buta, ta wuce zane, ta tsaya a kan ta ƙarshe. Ta taka ta ɗaga ta sama, ga ƙafafun sa huɗu na reto, sun sha yashi da barkono, cokalin Kulu na walƙiya a samansu.

"Ilu, tambaye shi, wannan ne giwan ruwan da aka cika mana kunne da shi? Ashe na Yawuri da kofato suke yawo?"

Tsakar gida ta kece da dariya. Daga cikin ɗaki aka jiyo ta Kulu ta fi ta kowa, har wata tsohuwa na tsawata mata kada ta fama jikinta. Dalhatu ya leƙo ta gefen hula, ya ga ƙafafun, ya ga rana ba ta karkata ba tukuna. Wallahi sai da ƙwalla ta cika masa ido, kuma ba ta barkono kaɗai ba ce.

Hudu ya kutso yana haki. "Ƙafafuna ne! Ba a ba ni akuya ba, ba a ba ni komi ba!" Ya kama ƙugiyar zai zare kayansa, ta ƙi fita. Ya ja, ya murɗa, ta ƙi. Sai ya tsaya yana jujjuya ta, yana gwada tsininta da babban yatsa.

"Wa ya ƙera wannan?"

"Makera aka yi su," in ji Ilu. "Akuyarka ce ta koma haka."

"Tun daga mahauta take jan ƙafa huɗu a ƙasa ba ta saki ba. Nawa na rataye nama kullum sai sun miƙe." Hudu ya dubi sauran. "A ba ni su duka da igiyoyinsu, na bar ƙafafun."

"Kayan aikina!" in ji Dalhatu. "Ai ban gama..."

"An ba ka," in ji Gogo da Ilu da Yero baki ɗaya, Yero da shigowarsa ke nan yana shafa bayan takarkarinsa.

Aka babbake ƙafafu, aka wanke, aka jefa a tukunya. Ana rufe ta ladan ya kira azahar. Sai da maza suka zo da taɓarya suka farfasa gorunan sannan aka zaro Dalhatu daga komi, aka yafa masa zanen da ƙugiyarsa ta kamo. Ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa, yana jiran hukunci.

Gogo ta daɗe tana motsa tukunya kafin ta yi magana.

"Ilu, gaya masa dangar da ya karya shi zai gyara, dutsen matarka kuma shi shiga shi lalubo shi da hannu, yadda mutanen garin nan suka iya. Cokulan ɗiyata shi nemo wasu." Ta ɗanɗana romo, ta ƙara gishiri. "Ƙauri ya shiga tukunya kafin azahar, ni kuwa ba ni magana biyu. Kulu za ta koma ranar arba'in. Kuma ka gaya masa ko da bai kawo ba da sai na maida ita. Wata uku kawai aka bar shi shi kaɗai, ga abin da ya aikata. In aka bar shi shekara biyu, ba mu da sauran shanu."

Dalhatu ya yi godiya har goshinsa na taɓa ƙasa. A hanyar gida ya yi ta tafiya kai a sunkuye, har Ilu ya fara jin tausayinsa. Suna kaiwa mahauta, inda Hudu ya riga ya rataye cinyar sa a sabuwar ƙugiyarsa, sai ya gyara zane a kafaɗa, ya tale ƙafafu.

"Amma ka ga yadda ta cafke su ko? A guje fa, ban ko waiwaya ba. Ko Baturen bai taɓa yin irin wannan kamun ba."

Ilu ya miƙa hannu. Ya cire masa usur daga wuya, ya sa a aljihunsa, ya tasa shi gaba zuwa tafki neman dutsen Rekiya.